Sallar da Ba Ta da Azumi: Kirsimeti Tsakanin Azarori da Galmi

Azarori, ƙaramar hukumar da ke gundumar Madawa a jihar Tawa, ƙasar Musulmi ce tun daga Hausawanta manoma har Abzinawan Kel Geres da suka daɗe da zama a cikinta, kuma haka abin yake idan aka haura arewa zuwa Buza da Keita, ƙasar duwatsun Adar da kwarin Majiya. Ƙidayar jama'a ta 2012 ta nuna cewa Kiristocin Nijar gaba ɗaya ba su kai mutum ɗaya cikin ɗari ba, a wannan yanki kuwa tsiraru ne ƙwarai, galibinsu a garuruwan bakin babbar hanyar da ta taso daga Yamai ta nufi Maraɗi, wato Birnin Ƙonni da Galmi da Madawa, sauran kuma ma'aikata ne da aiki ya kai ƙauye, malamin makaranta ko ma'aikaciyar jinya, waɗanda sai sun hau mota kafin su ga ƙofar majami'a. Duk da wannan ƙaranci, ranar 25 ga Disamba ranar hutu ce a hukumance, kuma sunan Nowel da aka aro daga Faransanci ya zauna a bakin mutanen da ba su taɓa leƙa coci ba, yayin da masu bi, kamar yadda Kiristocin Hausa ke kiran kansu, suka fi cewa Kirsimeti, sau da yawa ma sallar Kirsimeti.

Kalmar salla a bakin Bahaushe tana ɗauke da kaya mai nauyi, domin bai san salla a matsayin ranar da ke faɗowa daga sama ba. Ƙaramar salla tana zuwa ne bayan kwana 29 ko 30 na azumi, da tafsiri, da asham, da tsayuwar dare a goman ƙarshe, da zakkar fid da kai wadda dole a ba da ita kafin a tafi idi, babbar salla kuma tana da goman farko na Zulhajji da ranar Arfa a gabanta. Daɗin ranar yana da nasaba da yunwa da ƙishirwar da aka sha kafin a iso ta, har ma yaron da bai kai shekarun azumi ba ya san cewa sabuwar rigarsa ladar wata guda ce da gidan ya yi yana tashi sahur. Saboda haka Kiristan da ya kira bikinsa salla ya ɗauki kalmar da ke tambayarsa abin da ya gabace ta. Abin da ake nufi da shirin ruhaniya shi ne wannan abin da ke gaba: lokacin da mai bi ke keɓewa don addu'a, da karatun Littafi Mai Tsarki, da tuba, da sulhu da wanda suka ɓata, da kyauta ga mabukaci, domin ranar tunawa da haihuwar Yesu Almasihu ta same shi da zuciyar da aka share, ba gidan da aka share kaɗai ba.

Addinin Kirista yana da tsohon tsari na wannan shiri. Rubutun da ya fi daɗewa mai nuna ana bikin haihuwar Almasihu ranar 25 ga Disamba ya fito ne daga birnin Roma, yana komawa ga shekarar 336, kuma kafin ƙarshen ƙarni na biyar Bishop Perpetuus na garin Tur, a ƙasar da yanzu ake kira Faransa, ya umarci jama'arsa da azumin kwana uku a kowane mako tun daga 11 ga Nuwamba har Kirsimeti. Daga bisani cocin Roma ya tsayar da lokacin a kan Lahadi huɗu, aka kira shi adventus da Latin, ma'ana zuwa ko isowa, kalmar da Faransanci ya mayar Avent, kuma a cikinsa ana karanta annabcin Ishaya da wa'azin Yohanna Mai Baftisma, limamai suna sanye da tufafi masu launin shunayya, alamar tuba da jira. A gabas abin ya fi tsanani: Kiristocin Habasha suna yin Azumin Annabawa na kwana 43, babu nama babu madara babu ƙwai, kafin su yi bikinsu ranar 7 ga Janairu, kuma Kibɗawan Masar ma haka suke yi. Duk Musulmin Azarori da aka bayyana wa wannan tsari zai gane shi nan take, domin kamanninsa da nasa a fili suke.

Sai dai ba wannan reshe na Kiristanci ne ya fara isowa ƙasar Hausa ta Nijar ba. Ƙungiyar mishan ta SIM, wadda Rowland Bingham da abokansa biyu suka assasa lokacin da suka sauka Legas a 1893, ta buɗe tasharta ta farko a Damagaram a 1924, ta biyu a Tsibiri kusa da Maraɗi a 1928, sannan asibitin Galmi a 1950 da asibitin kutare na Danja a 1956, kuma daga masu bin da suka taru a waɗannan wurare ne aka kafa Ikkilisiyar Bishara ta Jamhuriyar Nijar, wadda aka fi sani da EERN, a daidai lokacin samun 'yancin kai. 'Yan mishan ɗin, mafi yawansu daga Amurka da Kanada, sun fito ne daga ɗariƙun da ke kallon kalandar coci da ido ɗaya, suna ganin azumin da aka ɗora wa mutum bisa doka da ranakun da aka tsarkake duk ƙari ne da ɗan Adam ya yi a kan bishara. Kakanninsu a aƙida sun ma wuce nan, domin majalisar Ingila ta soke bikin Kirsimeti ɗungurungum a 1647, kuma a yankin Masacusets na Amurka, daga 1659 zuwa 1681, wanda aka kama yana bikin sai ya biya tarar sule biyar. Waɗanda suka zo Tsibiri da Galmi ba su hana Kirsimeti ba, sun kawo ta da waƙoƙinta da wa'azinta, amma sun kawo ta a matsayin rana guda, ba ƙarshen wani zango ba.

A shekarun farko wannan giɓi bai fito fili ba, saboda yanayin ƙasar da kansa ya cike shi. Disamba a Adar da Gobir Tudu watan numfasawa ne: an gama kaka, damman gero sun shiga rumbu, hunturu ya sauko da hazo da ɗari, dare ya yi tsawo, mutane suna taruwa a bakin wuta tun bayan magariba. Jama'ar masu bi kuma ƙarama ce, tana zaune gab da gidan mishan, ta yadda taron addu'ar yamma ba ya buƙatar kowa ya bar wani aiki. Littafi Mai Tsarki na Hausa da aka buga a 1932, aikin da Likita Walter Miller na Zariya ya yi fice a cikinsa, shi ne littafin karatu da littafin ibada a lokaci guda, kuma wanda ya iya boko yakan karanta wa sauran a bainar jama'a, a hasken fitilar ƙwai, abin da ya sa ake kiran mai bishara malam kamar yadda ake kiran malamin allo. Daga baya gidan rediyon ELWA na Monrobiya, mallakar SIM, wanda aka buɗe a 1954, ya ƙara shirye-shiryen Hausa a kan wannan. Shirin zuciya a wancan zamani ba sai an yi masa suna ba, domin lokacin da ake buƙata yana nan a yalwace, kuma babu abin da ke gogayya da shi sai barci.

Siffar bikin kuwa daga maƙwabta aka ɗauko ta, kusan ba tare da an rage komai ba. Babu bishiyar ado, babu tsohon nan mai jar riga da farin gemu sai a gidajen da suka zauna Yamai ko Abijan. Abin da ake da shi sabon ɗinki ne, da kitso da lalle, da yanka, da rabon abinci, da yawon gaisuwa. Mako guda kafin ranar, telan da ke kasuwar Madawa, wanda kusan ko da yaushe Musulmi ne, yana zaune a kan kekensa da atamfofi jibge a gefensa, wadda ta kawo ɗinki tana tsaye a kansa tana cewa, «Malam, don Allah kada ka yi mini alkawarin tela», shi kuma yana amsawa ba tare da ya ɗaga kai ba cewa in Allah ya yarda ran jajibere za ta karɓa. Rago ko akuyar da aka saya, a gidaje da yawa, mahauci Musulmi ake kira ya yanka, domin kada wani maƙwabci ya yi shakkar cin naman, kuma wannan ɗan ƙaramin tanadi ya fi dogon jawabi bayyana yadda zaman yake. Da hantsi yara suna fita ɗauke da langa-langa na shinkafa da miya, suna sallama a zaure suna cewa Mama ta ce a kawo wa Inna, a karɓa a juye, a sa musu albarka, a ce Allah ya maimaita, wani lokaci a jefa musu 'yan dala a cikin kwanon da ba a so ya koma wayam. Kwanon nan ramuwa ce ta naman layya da abincin ƙaramar salla da suka shigo gidan a watannin baya, kuma kowa yana riƙe da lissafinsa a ka.

Wannan aro abu ne mai kyau, kuma shi ne ya sa Kirsimeti ta daina zama bikin Nasara ta zama bikin gida. Amma Hausawa sun ce zanen aro ba ya rufe katara, kuma inda wannan zane ya gaza a bayyane yake: an ari rigar salla, ba a ari azuminta ba. Dalilan suna da tushe. Na farko aƙida ce, domin koyarwar da masu bi suka gada ta ginu ne a kan cewa ceto kyauta ce ta alheri, ba ladar aiki ba, kuma duk ibadar da aka ƙayyade wa kwanaki tana iya sa mutum ya zaci yana biyan Allah bashi. Na biyu tarihi ne, domin mutanen da suka bar Musulunci ko addinin gargajiya suka shiga ikkilisiya, sau da yawa bayan ɓacin rai da dangi, sun so a ga bambancinsu, kuma azumi mai kama da na watan Ramadan zai zama kamar komawa gidan jiya. Ba a raina waɗannan dalilai. Sai dai sakamakonsu shi ne ɓangaren bikin da ke cin kuɗi da lokaci ya sami ƙa'ida da jadawali da masu tuni, tela yana tuni, yara suna tuni, maƙwabta suna jira, yayin da ɓangaren da ya shafi zuciya aka bar wa kowa ya ji da kansa. Abin da babu mai tambayarsa kuwa shi ake fara ajiyewa idan hannu ya cika.

Hannun kuma ya cika, domin Disambar da ta ba da wancan sarari ta tafi. Farin 1973 zuwa 1974, da yunwar 1984 wadda mutanen Nijar suka laƙaba wa suna El Buhari saboda ta zo daidai da rufe iyakar Najeriya, sun tabbatar wa manomin Adar cewa damina kaɗai ba ta ciyar da gida. Daga nan hanya ta rabu biyu. Ta farko ita ce cin rani, wanda dama tsohuwar al'ada ce a Adar amma ya zama tilas, matasa suna ficewa da an gama girbi zuwa Najeriya da Kodebuwa da Libiya da Aljeriya, ta yadda watan da ya kamata gida ya cika shi ne watan da yake yashewa. Ta biyu ita ce noman rani. Ayyukan raya ƙasa sun sake fuskar yankin: layukan dogon yaro da ƙungiyar CARE ta fara dasawa a kwarin Majiya a 1975 don tare iska, da babban aikin Keita da aka soma a 1984 da kuɗin Italiya, inda dubban mata suka ɗauki duwatsu a ka don gina shingayen tare ruwa. A kwarin Tarka da Majiya rijiyoyi sun yawaita, injin ban ruwa ya maye gurbin guga da jigo, albasar Galmi kuma ta zama hajar da manyan motoci ke kwasa zuwa Gana da Kodebuwa da Benin da Togo.

Albasa ba ta san Lahadi ba. Ana yafa irinta bayan ɗaukewar ruwa, a dasa ta a Nuwamba da Disamba, a cire ta daga Fabrairu zuwa Afrilu, wato makonni huɗun da tsohuwar kalandar coci ta keɓe don natsuwa sun faɗo daidai kan dashe, lokacin da tsiron yake da rauni kuma fashin ban ruwa na kwana biyu yana iya jawo asarar shekara. Mai garka yana fita tun duhu bai washe ba, rawani naɗe har hanci saboda ɗari, galan ɗin fetur a bayan babur, ya ja igiyar inji sau uku sau huɗu kafin ya tashi, sannan ya bi fangali ɗaya bayan ɗaya da fartanya, yana buɗe bakin wannan yana toshe na wancan, ƙafafunsa cikin ruwan da sanyinsa ke shiga ƙashi. 'Yan dashe suna tsugune a jere suna soka tsiro da yatsa, kuma kuɗin aikinsu a ranar ake biya. Fetur da taki da ladar ma'aikata duk suna neman kuɗi a watan da tela da mai rago suke nema, alhali albasar bara da aka adana a rudu, wato rumfar kara da ake ajiye ta a ciki, ta daɗe da ƙarewa ko ruɓewa. Mutumin da ya yini haka, idan ya zauna a bencin majami'a da yamma, gyangyaɗi ne ke fara yi masa wa'azi, kuma rashin adalci ne a kira wannan sanyin bangaskiya.

Kan wannan aka ɗora hidimomin ƙasa da na dangi. Ranar 18 ga Disamba ita ce ranar Jamhuriya, tunawa da 1958, kuma bikinta da aka riƙa zagayawa da shi jiha jiha ya sauka Tawa a 2017 da sunan Tawa Sakola. Gasar kokowar gargajiya ta neman takobi, wadda aka fara a Tawa a 1975, a shekarun baya-bayan nan tana faɗowa ne a ƙarshen Disamba, kuma idan ana karawa babu rediyon da ke kama wata tasha daga Azarori har Keita. Bukukuwan aure ma a nan ake cusa su, saboda makarantu suna hutu kuma kuɗin kaka bai gama ƙarewa ba. Tsadar kaya ta ƙara wa abin zafi a matakai da mutane ke tunawa: karyewar darajar sefa da rabi a Janairun 1994, rufe iyakar Najeriya daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da takunkumin da ya biyo bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023. Wayar salula, da ta shigo ƙasar a 2001, ta sa ɗan cin rani yana iya aiko da kuɗin rago cikin awa guda, ta kuma sa hoton ankon wata ikkilisiyar Jos ko Kotonu yana isowa Galmi a daren da aka ɗauke shi, da duk gasar da yake tayarwa.

Wani abin da ba a cika faɗa ba shi ne cewa kaso mai yawa na hidimar da ke cinye Disamba daga cikin coci take fitowa. Ƙungiyar mawaƙa tana gwaji kowane dare, matasa suna shirya wasan kwaikwayon makiyaya da mala'iku da komin dabbobi na Baitalami, Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan aure ta ikkilisiya wadda ita ce ƙashin bayan kowace majami'ar Hausa, tana tara kuɗin anko da na girkin taro, dattawa suna rufe lissafin baiko da zakka na shekara, fasto kuma yana tsakanin ɗaurin aure da baftisma da wa'azin daren shiga sabuwar shekara. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan aikin Allah ne, shi ya sa yake da wuyar ƙi, kuma shi ya sa yake ruɗi, domin mutum yana iya kwana ashirin a harabar majami'a bai yi addu'ar minti goma shi kaɗai ba. Labarin Marta da Maryamu a sura ta 10 ta Bisharar Luka, inda ɗaya ta shagala da hidimar baƙo ɗayar kuma ta zauna tana saurarensa, labari ne da ake yawan wa'azi da shi, sai dai galibi maza ne ke wa'azin, matan da suka tashi tun asuba suna gyaran shinkafar da mai wa'azin zai ci su ne ke saurare. Muddin ba a rage wa Marta tukwane ba, yi mata nasiha da halin Maryamu zolaya ce.

Asibitin Galmi ya ba da wani misali na daban. Shi ne wurin da ya tara masu bi mafi yawa a wannan yanki, kuma shi ne wurin da ba a rufewa. Marasa lafiya suna zuwa daga Madawa da Buza da Keita har da tsallaken iyaka, kusan dukansu Musulmi, kuma hunturu yana kawo nasa kason: tari da ciwon haƙarƙari, ƙunar wutar da ake jin ɗumi da ita, haɗarin mota a babbar hanya, ga kuma haihuwa da ba ta duba kalanda. Ma'aikaciyar da aikin dare ya faɗo mata ranar 24 ga Disamba tana jin waƙa daga nesa tana riƙe da hannun mai naƙuda, kuma da wuya a ce ta fi waɗanda ke cikin majami'a nisa da labarin da ake tunawa, labarin matar da haihuwa ta kama a garin da ba nata ba.

Katolika sun riƙe tsohon tsarin. Mishan ɗinsu na farko ya kafu a Yamai a 1931, kuma tun 2001 jihar Tawa tana ƙarƙashin dayosis ɗin Maraɗi, wato yankin da bishop guda ke jagoranta, wanda Ambroise Ouédraogo ya zama bishop ɗinsa na farko, da majami'u a Tawa da Birnin Ƙonni. Da yake da yawa daga cikin mabiyansu asalinsu mutanen Benin da Togo da Burkina Faso ne, Disamba a wurinsu watan tafiya gida ne, amma wanda ya zauna yana samun Lahadi huɗu masu karatu na musamman, da damar furta zunubi a gaban fada, da ƙa'idar da ke hana waƙoƙin murnar haihuwa fitowa kafin lokacinsu. Tsari ba ya ba da tabbacin zuciya, kuma ana iya kunna kyandir huɗu na Lahadin nan huɗu da hankali a kasuwa. Abin da yake bayarwa shi ne mai tuni, wanda ɗaya ɓangaren ya rasa.

Abin da ya faru a ranakun 16 da 17 ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar nuna fushi kan zanen ɓatancin wata jaridar Faransa ta rikiɗe ta zama ƙone-ƙonen majami'u a Damagaram da Yamai, mutum goma suka mutu, ya sa masu bi a duk faɗin ƙasar suka sake duba ma'anar taruwarsu, har a garuruwan da wutar ba ta kai ba. Kirsimetin da ta biyo baya ta zo da wani daidaito da ba a saba gani ba, domin Mauludin shekarar ya faɗo ne a jajiberenta, aka kwana ana yabon haihuwar Annabi Muhammadu a wannan unguwa aka wayi gari ana murnar haihuwar Almasihu a waccan. Maƙwabcin da ake kai wa shinkafa ba baƙo ba ne ga labarin, tun da sura ta 19 ta Alƙur'ani sunan Maryamu take ɗauke da shi kuma ta ba da labarin haihuwar Annabi Isa, ko da yake ɓangarorin biyu sun rabu a kan ko wane ne jaririn, rabuwar da babu kwanon abincin da zai shafe ta. Wannan sani na maƙwabci yana da tasiri a kan shiri, domin mutumin da ke tashi sallar asuba kowace rana yana lura da wanda bikinsa ya tsaya a ci da ado.

Inda shirin ya tsira a yau, ya tsira ne a ƙananan ma'aunai da kuma lokutan da aiki bai riga ya kama ba. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma gidajen da suka gane haka suna mayar da sayayya da ɗinki farkon wata, domin makon ƙarshe ya sami sarari. Kiran assalatu, wanda ke tada kowa a garin ko yana so ko ba ya so, ya zama agogon addu'ar asuba ga mai garkar da zai fita da ma'aikacin da zai karɓi aiki, kuma wannan wani aro ne da ba a cika ambata ba. Bisharar Luka tana da sura 24, adadin da ya yi daidai da kwanakin Disamba kafin bikin, abin da ya sa sura guda a kowane dare ta zama ma'aunin da iyali ke iya ɗauka, ko daga littafi ko daga muryar da aka naɗa a waya ga wanda bai yi boko ba, kuma wanda ya bi wannan ma'auni yana isa jajibere ne a kan labarin gicciye da tashi daga matattu, ba a kan komin dabbobi kaɗai ba. Baikon godiya na kaka, inda ake kawo damin gero ko kwanon wake gaban ikkilisiya a raba wa gwauraye da marayu, yana yin aikin da zakkar fid da kai ke yi a ɗaya gefen katanga. Azumi na ganin dama ma bai ɓace ba, musamman tun da majami'un Fentikos suka yaɗu a ƙasar daga shekarun 1990, sai dai su sun fi ɗora shi a kan shiga sabuwar shekara, wato bayan an cinye ragon.

Da yake shekarar Musulunci tana gaza ta Miladiyya da kwana 10 ko 11, watan azumi yana zagayo Disamba sau ɗaya a cikin shekara 33 ko kusa da haka. Kirsimetin 1998 da ta 1999 da ta 2000 duk a cikin Ramadan aka yi su, kuma a 2000 dukan makonnin jiran sun faɗo a cikinsa, aka yi ƙaramar salla kwana biyu bayan Kirsimeti. A waɗannan shekaru kwanon shinkafa bai fita da hantsi ba, sai da aka jira kiran magariba aka kai shi a matsayin abin buɗa baki, kasuwa ta yi sanyi da rana, gari ya raya dare da karatu, kuma masu bi sun sami kansu cikin natsuwar da ba su suka shirya ta ba. Lissafi ya nuna abin zai dawo: Kirsimetin 2031 da ta 2032 za su faɗo cikin azumi, a 2033 kuma ƙaramar salla za ta riga Kirsimeti da 'yan kwanaki kaɗan, ta yadda telan Madawa zai karɓi ɗinkin salla biyu a mako guda, a daidai lokacin da albasar kwarin Tarka ke neman ruwanta na dashe.